Yadda ake wasa sarƙar injin zarto ba tare da an yanke hannu ba

Ba sai injin yana aiki yake yanka mutum ba. Haƙorin da aka gama wasawa, ko a tsaye yake, yana tsarge ɗan yatsa kamar reza.

1. Kashe injin, ka bari ya huce, ka cire wayar fulogi. In na batir ne, zare batirin.

2. Sa safar hannu ta fata mai kauri. Ta ulu ba ta tare komai.

3. Kafe takobin injin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, ya daina rawa, ka ɗaure sarƙar daidai, ka danna birkinta.

4. Ɗauki zagayayyen magagari daidai da sarƙarka, galibi milimita 4, 4.8 ko 5.5. Lallai ya kasance da mariƙi. Wanda ba shi da ƙota, wutsiyarsa ce ke shigewa tafin hannu, kuma raunin ba ya warkewa da wuri.

5. Shafa wa haƙorin farko alli don ka gane inda ka fara. Riƙe magagarin da hannu biyu a karkace, kamar digiri 30, ka tura daga cikin haƙorin zuwa waje. Turawa kawai ake yi, a dawowa ɗaga shi. Sau uku ko huɗu ya isa, amma kowane haƙori ya samu adadi ɗaya, in ba haka ba yankan zai riƙa karkacewa.

6. Saki birki, ka ja sarƙar gaba don ka kai ga sauran haƙoran. Nan ne aka fi jin ciwo, don hannu kan zame ya faɗa kan kaifin.

In ka yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. In ya yi zurfi, je asibiti a ɗinke, a duba maganar allurar tetanus.