Yadda Ake Koyon Rera Waƙa Ba Tare da An Kashe Murya Ba

Kuskuren yawancin masu fara koyon waƙa ɗaya ne: komai da maƙogwaro suke son yi. Da zarar sauti ya yi sama sai su matse wuya, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa, kafin baiti na uku murya ta dishe. Alhali aikin maƙogwaro kaɗan ne. Wasu 'yan tantani biyu ne a cikinsa, tsawonsu bai wuce santimita 2 da rabi ba, iskar huhu ce ke kaɗa su su ba da sauti. Sautin nan da ake daidaita kayan kiɗa da shi, wanda ake kira A, idan ka rera shi sau 440 tantanin ke karkarwa a daƙiƙa guda. Abu mai laushi haka ba a yi masa ƙarfi-ƙarfi.

Saboda haka, fara da numfashi. Kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja iska ta hanci. Littafin ne zai tashi, ba ƙirji ba. In jiki ya gane, sai ka miƙe gaban madubi ka dafa haƙarƙarinka da hannu biyu. Ka ja numfashi har ka ji suna buɗewa gefe da gefe. Idan ka ga kafaɗu sun ɗaga, sake. Daga nan ka saki iskar a hankali da "ssss", kamar tayar da ƙusa ta huda, kana duba agogo. Daƙiƙa 15 ta isa a farko. Kada tsawon ya ruɗe ka, abin nema shi ne iskar ta fita bai-ɗaya, ba ta yi gaba da ƙarfi ta dawo tana rawa ba. A ganina, wanda ya ba wannan mako biyu ya fi wanda ya haddace waƙa goma.

Tsayuwa ba ta da wuya: ƙafafu a ɗan ware, gwiwa a sake, haɓa a daidai. Ɗaga kai sama ba ya kai mutum ga sauti na sama, shaƙe shi yake yi.

Sai ɗumama murya, minti 5 zuwa 10 kafin kowace waƙa. Rufe baki ka yi "mmm" a sautin da ba ya ba ka wahala, har ka ji leɓɓa da karan hanci suna ɗan ƙaiƙayi. Sannan ka kaɗa leɓɓa, "brrr", irin na yaro mai kwaikwayon babur, kana hawa kana sauka. Abin dariya ne, shi ya sa ake rufe ƙofa, amma nan take yake tona asiri: iska na yankewa, leɓɓa za su tsaya cik.

Yanzu kunne. Danna sauti ɗaya a fiyano, ko a manhajar waya, ka saurara shiru, ka ji shi a kanka, sannan ka buɗe baki. Masu gaggawa suna rerawa kafin su ji, shi ke sa su kauce wa kari. Ka riƙa naɗar muryarka. Karon farko za ka ce ba kai ba ne, kuma da dalili: kai kana jin muryarka har ta ƙasusuwan kai, waɗanda ke ƙara mata kauri, mutane kuwa ta iska kawai suke jin ta. Wadda ka naɗa ita ce suke ji, ita za ka gyara.

Wasula ne ke ɗaukar waƙa, baƙaƙe yanka ta suke yi gaɓa-gaɓa. Ɗauki layi ɗaya ka cire baƙaƙen, ka rera shi da a, e, i, o, u kaɗai, muƙamuƙi a sake kamar mai shirin hamma, bakin harshe a bayan haƙoran ƙasa. Sai ka mayar da kalmomin. Idan waƙar ta fi ƙarfin muryarka, sauke ta ƙasa. Ba dole sai a inda mai ita ya ɗauko ta ba.

Minti 20 kullum ya fi awa 3 ranar hutu. Ka yawaita shan ruwa tun da wuri, domin ruwan ba ya bi ta kan tantanin, sai ya ratsa jiki tukuna. Rage kakari da yawan gyaran murya, hayaƙin taba kuwa ba sai an faɗa ba. Ranar da murya ta dishe, yi shiru. Raɗa ba hutu ba ce, ita ma tana gajiyar da maƙogwaro. In ka ji zafi kana cikin rerawa, tsaya nan take. Dishewar da ta haura mako 3 kuwa, ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce.