Yadda Za Ka Sa Shafin Kasuwancinka Ya Riƙa Fitowa a Google

Na daɗe ina haɗa wa 'yan kasuwa shafukan intanet a nan Jos, kuma kukan da nake ji kusan ɗaya ne: an kashe kuɗi an yi shafi, amma shiru kake ji kamar an shuka dusa, ba wanda ya taɓa bugo waya ta dalilinsa. Shafin da Google bai san da zamansa ba tamkar shago ne ka gina a bayan duwatsun Shere, ka zuba kaya ka zauna jiran ciniki. Aikin da ake ce wa SEO shi ne share hanyar da za ta kawo mutane ƙofar wannan shago. Ba zan tsaya kan sayen adireshi da masaukin shafi (wurin da ake ajiye shi a intanet) ba, na ɗauka ka wuce nan. Abu ɗaya kawai zan ce: in a Najeriya kasuwarka take, ɗauki adireshi mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi. Yana da araha, kuma da naira ake biya.

Mataki na farko: tabbatar Google ya san kana nan

Kafin ka taɓa komai, buɗe Google ka rubuta site: ka manna masa adireshin shafinka, ba tazara a tsakani. In jerin shafukanka ya fito, alhamdu lillahi. In ba abin da ya fito, ajiye duk wata dabara, domin nan matsalarka take.

A nan ne ni kaina na yi tuntuɓe, kuma har yau abin yana damuna in na tuna. Wani Alhaji dillalin dankalin turawa, mai ɗauko kaya daga Bokkos da Mangu yana lodi zuwa Abuja da Kano da Fatakwal, ya ba ni aikin shafinsa. Da WordPress, manhajar gina shafuka, na gina. A cikin WordPress, in ka shiga Settings sannan Reading, akwai wani ɗan akwati a can ƙasa wanda ke roƙon injinan bincike kada su saka shafin a jerinsu. Masu gina shafi kan yi masa alama lokacin da aiki bai kammala ba, don kada a ga shafin rabi da rabi. Na yi masa alama, na gama aiki, na miƙa, na manta ban cire ba.

Bayan wata guda Alhaji ya kira ni. "Malam, yaron shagona ya neme mu a waya bai gan mu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri, abin yana ɗaukar lokaci." Sau biyu ina ba shi wannan amsa. Na canza kalmomi, na ƙara hotuna, na sake rubuta shafin farko gaba ɗaya, duk a banza. Sai a wata na uku, wani dare ina dube-dube, idona ya faɗa kan ɗan akwatin nan da alamarsa tana nan daram. A lokacin sabon dankali ya riga ya cika kasuwa ya fara ja baya, wato kakar da Alhaji ya yi shafin dominta ta wuce. Da safe na je na same shi na gaya masa gaskiya, na kuma yafe cikon kuɗina. Tun daga ranar ba na miƙa aiki sai na duba akwatin nan da idona. Kai ma je ka duba naka yanzu, ko da wani ne ya gina maka.

In ka cire alamar, yi rajista da Google Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike. Kyauta ne, kada wani ya karɓi ko sisi a hannunka da sunan kuɗin rajista. Ka tabbatar musu shafin naka ne, sannan ka miƙa taswirar shafin, wato fayil ɗin da ke lissafa duk shafukanka. Yoast SEO ko Rank Math, ƙananan manhajojin da ake ɗora wa WordPress, kowacce tana haɗa maka ita. Ni Rank Math nake sa wa kowa. Kada ka haɗa biyun a shafi ɗaya, karo suke yi. Daga nan ka liƙa adireshin kowane muhimmin shafi a layin binciken da ke saman Search Console, ka nemi a zo a duba shi.

Mataki na biyu: rubuta abin da mutane ke bugawa

Kusan duk sabon shiga da na gani yana buɗe shafinsa da "Barka da zuwa, mun ƙware wajen samar da ingantattun kayayyaki." Wa zai ɗauki waya ya buga wannan a Google? Mai abinci a Wuse abin da take bugawa shi ne farashin buhun dankalin turawa a Jos, ko wa ke kawo kabeji da karas Abuja. Kalmomin da kake nema suna cikin wayarka. Buɗe WhatsApp ka karanta tambayoyin da kwastomomi suka turo maka a watan da ya wuce, ka kwafe su a littafi yadda suka rubuta su, ba tare da ka gyara musu ba. Sannan ka fara buga su a Google ka lura da abin da yake ƙarasa maka kafin ka gama rubutu. Wannan ƙarashen daga binciken da mutane ke yi ya samo asali. Manhajojin nemo kalmomi da ake biya da dala kowane wata ba naka ba ne a yanzu, riƙe kuɗinka.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Yawancin Hausawa ba sa sa lanƙwasa in suna rubutu a waya, "kudi" suke bugawa ba "kuɗi" ba, "kwai" ba "ƙwai" ba. Gwada duka biyun ka ga abin da kowanne ke fitarwa. Dokata ita ce: a adireshin shafi ba lanƙwasa ko ɗaya, domin in aka kwafe shi aka tura wa wani yakan rikiɗe ya koma tarin lambobi da alamomi marasa kyan gani. A cikin rubutu kuwa ka yi Hausarka daidai. Kuma in kana da masu saye a Fatakwal ko Legas, da Turanci za su neme ka, don haka yi musu shafinsu daban. Kada ka cakuɗa harsuna biyu a shafi ɗaya, kada kuma ka ba na'ura ta fassara ka liƙa ba ka karanta ba.

Kowane shafi magana ɗaya. Dankali da nasa, tumatir da nasa, lodi zuwa wasu garuruwa da nasa. Taken kowanne kada ya wuce harafi 60, in ya fi haka Google yakan yanke shi, kuma sunan gari ya shiga ciki. Maimaita kalma ɗaya sau ashirin ba ya ɗaga ka, yana ma cikin abubuwan da Google ya hana. Wurin da ake cusa kalmomi a ɓoye a cikin shafi, wanda ake kira meta keywords, tun 2009 Google ya sanar ba ya amfani da shi wajen jera sakamako, amma har yau ina ganin masu cajin mutane kuɗi a kansa.

Mataki na uku: rage wa shafin nauyi

Yanayin shafinka a waya shi Google ke dubawa, ba na kwamfuta ba. Abin da ke kashe yawancin shafukanmu hotuna ne. Mutum zai ɗauki hoto da waya, mai nauyin megabait 4 ko 5, ya ɗora guda goma haka nan. Matse kowanne da Squoosh, manhajar rage nauyin hoto, kyauta ne, ka mayar da shi WebP, wato nau'in hoto mara nauyi. Ni ba na barin hoto ya haura kilobait 200. PageSpeed Insights na Google zai auna maka saurin buɗewar shafin, kuma abin da ake so shi ne babban abin da ke fuskar shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Amma gwajin da na fi yarda da shi daban ne: ari ƙaramar waya mai arha, je Kasuwar Farin Gada da safe lokacin da ake sauke kwandunan tumatir, sabis yana rawa, ka buɗe shafin da datarka. In ya buɗe a nan, zai buɗe ko'ina. Ka kuma tabbatar adireshinka da https ya fara. Wata ƙungiya, Let's Encrypt, na ba da shaidar tsaron da ake buƙata don hakan kyauta.

Mataki na huɗu: hau taswira

Ga mai shago, Google Business Profile, wato rajistar da ke sa shagonka ya fito a taswirar Google, yakan kawo kira tun kafin shafin ya fara motsi. Rubuta suna daidai yadda yake a allon shagonka, kada ka yi masa jela da kalmomin talla, ana dakatar da mutane a kan haka. Sau da yawa za su nemi bidiyo na shaida: allon, titin, da cikin shagon. Tunda kwatancenmu na "bayan masallaci, kusa da mai shayi" ne, ja alamar taswirar da yatsanka ka ajiye ta a ƙofarka. Lambar waya ɗaya a ko'ina, a shafi da Facebook da taswira. Duk wanda ya ji daɗin ciniki, roƙe shi ya rubuta sharhi. Na saye kuwa kada ka kusance shi.

Sauran a taƙaice. Sa maɓallin WhatsApp a kowane shafi, da mahaɗin wa.me, lambar ta fara da 234 ba sifili a gaba. In za ka biya talla a Facebook ko Instagram, taƙaita shi ga garuruwan da kake kai kaya, ka tura mutane shafin kayan kai tsaye. Kada ka sayi mahaɗai dubu, wato a manna adireshinka a wasu shafuka, daga masu talla a saƙo. Wanda ya ce zai kai ka lamba ɗaya cikin mako guda, riƙe aljihunka, Google da kansa wata huɗu zuwa shekara ya ce a sa rai.

Sau ɗaya a wata ka leƙa Search Console ka ga kalmomin da aka buga har aka gan ka. A nan na lura masu neman irin dankali na shuka suna faɗowa shafin Alhaji, alhali ba mu rubuta komai a kai ba. Na tambaye shi, ya ce ai yana da masu kawo masa daga Bokkos. A satin muka buɗe wa iri shafinsa daban, da hoton buhunan da lokacin da ake samunsa.