Yadda Ake Rataye Gadon Lilo a Cikin Tirela Mai Rufi

Tirelar da ake nufi a nan ita ce ƙaramar nan mai rufi da ƙofa, wadda mota ke ja a baya. Bangonta yana da ruɗi. Ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ƙarfi, alhali falankin filawud ne siriri a ciki, fallen alminiyam da bai kai kaurin milimita ɗaya ba a waje, sai ginshiƙan ƙarfe a tsakani, galibi tazarar santimita 40 ko 60. Ginshiƙan nan kaɗai ne abin dogaro, su ma an yi su ne don riƙe rufi, ba don a ja su ciki ba.

Gadon lilo kuwa, wato ƙyalle ko ragar da ake ɗaure bakinta biyu a kwanta a ciki, ja yake yi. Mutum mai kilo 80 idan ya kwanta, igiya ta sauko da karkatar digiri 30 daga layin kwance, kowane gefe yana ɗaukar kilo 80 cif. A ɗame igiyar zuwa digiri 15, jan ya koma kusan kilo 155 a kowane gefe. A digiri 10 ya kai 230, a digiri 5 ya haura 450. Wannan lissafin na wanda ya kwanta shiru ne; wanda ya faɗa ciki da ƙarfi ya ƙara a kai. Shi ya sa ɗamammen lilo ke tumɓuke zobe daga bango, ko ya lanƙwaso ginshiƙi har ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Fara da awo. Gadon lilo mai tsawon mita 3.3 yana cin wajen mita 2.8 idan an rataye shi da lanƙwasar da ta dace, sannan maɗaurai na son nasu fili. Faɗin irin wannan tirela bai cika wuce mita 1.8 zuwa 2.1 ba, don haka daga bangon hagu zuwa na dama kai tsaye ba zai yiwu ba. A kwana ake ratayewa: gaba ta hagu zuwa baya ta dama. Tirela mai tsawon mita 3 da faɗin 1.8 tana ba da kusan mita 3.5 a kwana, kuma ginshiƙan kusurwa sun fi na tsakiya ƙarfi. Idan tazarar mita 3.6 ce, sa wurin ɗaurin a tsayin wajen mita 1.5 daga daɓe, mazaunin zai tsaya a santimita 45, daidai tsayin kujera.

Sai neman ginshiƙai. Jerin kawunan sukuru a jikin filawud yana nuna inda suke, maganaɗisu kuma zai tabbatar idan na ƙarfe ne. Ya fi kyau ka kwance falanki ɗaya ka leƙa, domin wayoyin fitila kan bi ta can sama, kuma za ka ga ko ginshiƙin bututu ne mai kusurwa huɗu ko fallen ƙarfe ne kawai da aka lanƙwasa. Na biyun ya fi rauni sosai.

Kada ka ɗora dukkan jan a kan ginshiƙi guda. Samo dogon ƙarfen nan mai jerin ramuka da ake ɗaure kaya a jikinsa, ko ƙarfen kwana mai kauri, ka gicciya shi a kan ginshiƙai uku ko fiye, kowane ginshiƙi da kusa biyu. Kusa mai noti ake so, milimita 8, wadda ta ratsa ginshiƙin ta fita, da faffaɗan washa ko farantin ƙarfe a baya. Sukuru mai huda da kansa zare biyu ko uku kawai yake kamawa a siririn ƙarfe, kuma kaɗawar lilo tana sassauta shi dare bayan dare har ya zame. Idan kusar ta fito ta waje, shafa silikon a ramin kafin ɗauri don kada ruwan sama ya bi ta nan ya ruɓar da katako. Kada ka matse notin har bututun ya lotse. Zobban da ke daɓen tirela na ɗaure kaya ne zuwa ƙasa, sandunan rufi kuma sirara ne, duk ka bar su.

In bangon bai kwanta maka a rai ba, akwai mafita: tokara bututun ƙarfe mai kauri tsakanin wuraren ɗauri biyu, a sama da inda kake kwance. Bututun zai shanye jan da ke son haɗe bangon, ya bar wa ginshiƙai nauyin da ke sauka ƙasa kawai. Ko kuma mai walda ya haɗa maka firam mai tsayuwa da ƙafafunsa, ba tare da an huda ko'ina ba.

Ƙugiya ta zama irin ta masu hawan dutse, mai kulle, wadda aka buga ƙarfinta a jiki, kamar 22 kN (kN ma'aunin ƙarfin ja ne). Ƙugiyar rataye makullai kamanninta ɗaya da ita, amma miƙewa take yi. Gane digiri 30 ba ya buƙatar na'ura: miƙa manuniya a kwance, ɗaga babban yatsa tsaye, layin da ya haɗa kawunansu biyu shi ne karkatar da igiya za ta bi. Ɗaga gefen ƙafa santimita 15 zuwa 20 sama da na kai, in ba haka ba za ka riƙa zamewa cikin dare.

Kafin ka kwanta, tsayar da tirelar kanta. Sa waji gaba da bayan taya, ka tokare bayanta da jak guda biyu, domin tirelar da aka cire daga mota tana iya ɗaga hanci idan nauyi ya koma baya. Kwashe duk wani abu mai kaifi daga ƙarƙashin lilon, ka shimfiɗa katifa. Zauna a hankali, ƙafafu a ƙasa, ka saki nauyinka kaɗan-kaɗan kana kallon bango. Ƙarar tsagewar katako, ko falanki ya kumburo wajen kusa, alama ce ta ka sauka. Sake duba notuna bayan daren farko da bayan kowace doguwar tafiya.

Akwatin nan an yi shi ne don kaya, ba shi da isasshiyar mashigar iska. Buɗe ta rufi, ka samar da wata a ƙasa. Kada a kunna janareto, risho ko gawayi a ciki ko dab da ƙofa, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gudu. Rataye na'urar da ke yin ƙara idan ta ji iskar. Sakatar yawancin ƙofofin nan ta waje ce, don haka ka datse ta da kwaɗo a buɗe yadda ba wanda zai kulle ka ciki, ka sa wata da kake buɗewa daga ciki. Idan mota za ta ja tirelar, kowa ya fito, a kwance lilon a naɗe.