Darasi na 9: Wayar tebur mai ɗauko saitinta da kanta

Da yawa daga cikinku kuna aiki a asibiti, ko makaranta, ko otal, ko ofishin wani kamfani, a matsayin masinja, akawu, mai karɓar baƙi ko mai kula da sito. A irin waɗannan wurare akwai wayoyin tebur, kuma duk ranar da aka sayo sababbi, ku ne za a ce ku taimaka wa injiniya wajen buɗe kwalaye da rarraba su ɗaki ɗaki. Wannan darasi zai nuna muku abin da ke faruwa a ranar, da kuma aikin da ya rataya a wuyanku, wanda ba ƙarami ba ne.

Wanda ya yi wayo a zamanin NITEL ya san wayar tebur ta da. Kowace tana da igiyar tagulla da aka jawo mata daga turken waya, lambarta kuma tana tattare da wannan igiya. Wayoyin yanzu ba haka suke ba. Kebul irin na kwamfuta ake soka musu, muryar mutum kuma tana bin hanyar da intanet ke bi. Za ku ga sunayen kamfanoni a jikinsu, kamar Yealink da Fanvil na ƙasar Sin, ko Grandstream da Cisco na Amurka. Irin wannan waya idan ta fito daga kwali ba ta san komai ba. Ba ta da lamba, ba ta san ofishin da ta shigo ba, ko ƙarfe nawa ba ta sani ba.

Uwar wayoyi

Duk wayoyin ofis suna ƙarƙashin na'ura ɗaya wadda injiniyoyi ke kira PBX. A wannan littafi za mu ce mata uwar wayoyi. Wani lokaci ƙaramin akwati ce da aka kafa a ɗakin kwamfuta, wani lokaci manhaja ce a cikin kwamfuta, wani lokaci kuma tana can wurin kamfanin da ake biya duk wata. Cikin manhajojin da suka yi suna akwai Asterisk, wadda Mark Spencer ya fara rubutawa a Amurka a 1999, sai FreePBX da aka gina a kanta, sai 3CX. Aikinta shi ne na sakatariya mai haɗa kira. Ita ke ba kowane tebur gajeriyar lambar cikin gida, misali 101 ga shugaba, 102 ga akanta, 103 ga ƙofar shiga. Kira tsakanin waɗannan lambobi ba ya cin kati.

Kafin waya ta yi aiki sai an saka mata lambarta ta cikin gida, da kalmar sirri, da adireshin uwa, da lokaci, da aikin kowane maɓalli. Idan wayoyi uku ne, injiniya zai iya zama ya shigar da su da hannu kafin shayinsa ya huce. Idan arba'in ne kuwa, yini zai tafi, ido zai gaji, kuskure zai shigo. Shi ya sa aka ɓullo da hanyar da waya za ta je ta karɓo saitinta da kanta.

Yadda take karɓowa

Ku tuna da tela a kwanakin ƙarshe na azumi. Ya ɗinka kaya kala hamsin, ya ninke kowane, ya maƙala 'yar takarda mai sunan mai shi. Yaro ya zo ya faɗi suna, a miƙa masa. Haka uwar wayoyi take yi. Injiniya zai shirya wa kowace waya takardar saiti, ba ta hannu ba, ta cikin kwamfuta, ya ajiye ta da sunan wayar.

Da zarar an soka kebul, waya za ta fara neman adireshi a layin ofis. Na'urar da ke raba adireshi, wadda ake kira DHCP, za ta ba ta. A ofisoshi da yawa an saita wannan na'ura ta ƙara gaya wa waya inda takardun saiti suke. Za ku ji injiniya yana cewa zaɓi na 66, to wannan yake nufi. Akwai kuma wayoyin da ke yin cigiya a layi da kansu, uwa ta ji ta amsa. Idan kuma wayar tana wani reshe mai nisa, a ce uwa tana Kano waya tana Gusau, sai ta fara tuntuɓar kamfanin da ya ƙera ta ta intanet, shi kuma ya nuna mata hanya, muddin an riga an yi mata rajista a can. Yealink na kiran wannan hidima tasa RPS.

Ko ta wace hanya ta bi, ƙarshenta ɗaya ne: waya za ta isa wurin uwa ta faɗi sunanta, a ba ta takardarta. Sau da yawa za ta mutu ta sake kamawa, sannan lambarta da sunan mai tebur su fito a fuskarta. Duka 'yan mintoci ne.

Sunan waya

A nan ne nake so ku natsu, domin nan ne aikinku yake. Sunan waya shi ne lambar MAC. Ku kifa wayar a kan tebur, ku shimfiɗa ƙyalle tukuna don kada fuskarta ta karce. A bayanta akwai farar takarda da aka liƙa, mai layuka baƙaƙe tsaye irin na jikin kayan kanti. Wani lokaci ƙafar da waya ke tsayuwa a kai tana rufe rabin takardar, sai an zare ta. Za ku ga lambobi iri biyu ko fiye. Wadda aka rubuta MAC a gabanta ita muke so. Wadda aka rubuta SN lambar ƙira ce, ba ita ba ce, kuma nan ne sabon hannu ya fi yin tuntuɓe.

Lambar MAC tana da gurbi 12, ba ƙari ba ragi. A kowane gurbi akwai ko dai lamba daga 0 zuwa 9, ko harafi ɗaya daga cikin shida: A, B, C, D, E, F. Ku riƙe wannan da kyau, don zai fitar da ku daga shakka. Babu harafin O a cikinta, saboda haka duk abin da ya yi kama da O sifili ne. Babu harafin I, duk mai kama da shi 1 ne. Babu S, 5 ce. Inda ruɗu na gaskiya yake shi ne tsakanin B da 8, da kuma tsakanin D da 0, domin duka huɗun suna iya zuwa. A nan sai an haska fitilar wayar hannu an duba sosai. B tana da miƙaƙƙen baya a hagu, 8 kuwa zagaye take ta ko'ina.

Ana karanta ta bibbiyu. Ga misali don gwaji: 80 5E C0 1B 08 D4. Gurabe shida na farko na kamfanin da ya ƙera wayar ne, shi ya sa za ku ga wayoyin kwali ɗaya duk sun fara iri ɗaya. 805EC0 da 001565 na Yealink ne, 000B82 kuma na Grandstream. Shida na ƙarshe su ne suka bambanta waya da 'yar uwarta.

Shawarata ita ce kada mutum ɗaya ya yi wannan aiki. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, ɗaya ya rubuta, sannan mai rubutu ya maimaita mai karatu yana bin takarda da yatsa. Na taɓa ganin wata ɗaliba da wani dattijo mai gadi suna yin haka a wani ƙaramin asibiti. Ta ce, “Baba, ɗaya da B ka ce, ko ɗaya da takwas?” Ya ɗaga wayar zuwa hasken taga ya ce, “B ce, 'yata, ga bayanta a miƙe.” Tambayar nan ta ɗauki daƙiƙa biyar. Da ba a yi ta ba, da wayar ɗakin haihuwa ta je ta faɗi sunanta an ce ba a san ta ba, ta zauna shiru, injiniya kuma ya yi ta laluben kebul yana zargin abin da ba shi da laifi.

Idan takardar ta goge, a yawancin wayoyin Yealink danna maɓallin OK sau ɗaya zai nuna lambar MAC a fuskar waya.

Ku samu littafi mai layi ku ja gida huɗu: lambar MAC, lambar cikin gida, sunan ɗaki, ranar da aka kafa. Ku kuma rubuta sunan ɗaki a jikin kwalin kowace waya. Saiti yana bin waya ne, ba tebur ba. Idan kuka kai wayar akanta ƙofar shiga, kiran akanta zai riƙa ƙara a wurin mai gadi.

Sokawa da jira

A bayan waya akwai ramuka biyu masu kama ɗaya. Ɗaya an rubuta Internet ko LAN, ɗaya an rubuta PC. Kebul ɗin da ya fito daga bango na farkon yake shiga. Na biyun don kwamfutar da ke tebur ne, ta samu intanet daga jikin waya. Wasu ofisoshi ba sa amfani da caja, wuta tana zuwa ta cikin kebul ɗin kansa, abin da ake kira PoE. Kebul kuma bai kamata ya wuce mita 100 ba.

Bayan sokawa, a bar ta. Wani lokaci waya tana sabunta manhajar cikinta a wannan lokaci, idan aka zare kebul ko aka ɗauke wuta tana tsaka da haka, tana iya ƙin tashi sai an kai ta gyara. Don haka kafin a fara, ku tambaya ko an ɗora na'urorin ɗakin kwamfuta a kan inbata, ko a jira a tayar da janareta.

Idan ta ƙi

Fara da littafinku: a sake gwada lambar MAC da ta jikin waya. Sannan a duba ramin da aka soka kebul. Waɗannan biyu ku ne za ku iya, ba sai an kira kowa ba.

Wayar gwanjo tana da tata matsala. Tana iya zuwa da saitin tsohon ofishinta a ciki, sai an mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. A Yealink ana danne OK na ɗan lokaci har ta tambaya ko a goge komai. Kada ku yi wannan sai da izinin injiniya. Wata ma ko an goge ta, sai ta koma wurin tsohon mai ita, saboda rajistarta a wurin kamfani ba a cire ba. Wannan magana ce da za a yi da mai sayarwa tun kafin a biya kuɗi.

Idan agogon waya ya saɓa, kada ku gyara shi a jikinta. Nijeriya da Nijar suna gaba da lokacin GMT da awa 1, kuma a wurin uwa ake saita wannan sau ɗaya don kowa. Abin da aka canza da hannu yakan ɓace idan waya ta sake karɓo takardarta.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku a kansa. Takardar saiti tana ɗauke da kalmar sirrin layi. Ɓarayin intanet suna farautar irin wannan don su yi kiran ƙasashen waje da dare, ofis ya wayi gari da bashi. Tunda da lambar MAC ake karɓo takardar, kada ku ɗauki hoton littafin da kuka rubuta lambobin ku tura a WhatsApp, kada ku karanta wa baƙo lambar MAC ta waya ko da ya ce daga kamfani yake, ku haɗa shi da injiniya. Wayoyi da yawa suna fitowa da kalmar admin a matsayin kalmar sirri. Ba rashin kunya ba ne ku ce, “Yallaɓai, an canza kalmar sirrin da suka zo da ita kuwa?” Idan ma'aikaci ya bar aiki ko waya ta ɓata, a sanar a ranar don a rufe lambar.

Aikin gwaji

Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya karanta wannan, ɗaya ya rubuta, sannan ku sauya: 00 15 65 8B D0 3F.

A cikin waɗannan uku, ɗaya ce kawai za ta iya zama lambar MAC. Ku nuna ta, ku faɗi laifin sauran biyun: 000B82G14C07, 000B82A14C07, 000B82A14C0.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemi izini a wurin aikinsa, ya kifa waya ɗaya, ya kwafo gurabe shida na farko kawai tare da sunan kamfanin da ke jikinta. Wanda babu wayar tebur a wurinsa ya duba bayan na'urar intanet ta gida ko ta shagon kwamfuta, ita ma tana da lambar MAC.