Darasi na 9: Kalmar Turanci ta abin da ba ya ɗaukar ido

'Yan uwa ɗalibai, kalmarmu ta yau ita ce inconspicuous. Za mu bi ta ta hanyar da mutumin Sin yake koyonta, domin inda yake tuntuɓe, nan ne mu ma muke yi.

Ma'anarta abin da yana nan, ba a ɓoye shi ba, amma ido ba ya tsayawa a kansa. Mutum ya sa tufafi irin na kowa, ya shiga kasuwar birnin Guangzhou, ya saje da jama'a. Wannan ba layar zana ba ce. Mai layar zana invisible ne, ko an duba ba a ganinsa. Shi kuwa namu, da an duba za a gan shi, dubawar ce ba a yi ba.

Sinawa suna cewa bu xianyan. Bu na korewa ne, xian bayyana, yan kuma ido. Haka Turancin yake a gine: in na korewa, conspicuous kuma abin da ke tsone ido, daga kalmar Latin mai nufin hangowa. Sai dai a kula, ba kowane in ne ke korewa ba. Idan kun ga inflammable a jikin tankar mai, nufinsa mai saurin kama wuta, kada wani ya ƙyasta ashana.

Wahalar tana wajen furuci. Gaɓoɓi 5 ne, in-con-spic-u-ous, ana danna murya a ta 3. A Sinancin Mandarin baƙi biyu kamar s da p ba sa haɗuwa babu wasali a tsakani, gaɓa kuma ba ta ƙarewa da s. Sai ɗalibi ya cusa wasali ya ce "sipik". Kada mu yi masa dariya, mu ne muka mai da bread burodi.

Kuskure na biyu na jimla ne. A Sinanci sifa tana tsayawa ba tare da kalma mai kama da is ba, don haka sai ya ce "The door very inconspicuous". Daidai shi ne "The door is very inconspicuous".

Aiki: kowa ya furta kalmar sau 5 a hankali, yana tafawa a gaɓa ta 3. Sannan ya duba ɗakin nan, ya nemo abu ɗaya da bai taɓa lura da shi ba, ya rubuta jimla a kansa, kada ya manta da is.