Babi na 6: Kwance sandar sitiyarin Peugeot 504

Darasi na 1: Kafin a taɓa noti

Ƴan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Motar da za mu yi aiki a kanta ba baƙuwa ba ce a Damagaram: 504 ce, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Wasunku sun sha jigila da ita a hanyar Magariya da Matamaye.

Sandar sitiyari ita ce dogon ƙarfen nan da ya taso daga sitiyari, ya gangara ta wajen ƙafafun direba, ya haɗu da abin da ke juya tayoyin gaba.

Ku aje motar a wuri mai daidai. Tayoyin gaba su miƙe sak. Ku ja birkin hannu, ku sa dutse a gaba da bayan taya.

Sai ku buɗe gaban mota, ku duba batir. Yana da kai biyu. Kusa da ɗaya akwai wannan alama: +, layi biyu da suka gitta juna. Kusa da ɗayan akwai wannan: −, layi ɗaya a kwance. Wayar mai layi ɗaya za ku cire. Ku sa makulli, ku murɗa shi kaɗan har sitiyari ya saki, don idan kun yi kokawa da noti sitiyari na kulle, harshen makullin zai iya karyewa.

Darasi na 2: Alama

Ku natsu, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har waɗanda suka daɗe a gareji.

Ku ɓamɓare murfin tsakiyar sitiyari. Za ku ga babban noti, da kan sanda a tsakiyarsa. Kan sandar nan yana da ƙananan haƙora kewaye da shi, ramin sitiyari ma haka, suna shiga juna. Idan wajen mayarwa kun kauce da haƙori ɗaya tak, mota za ta miƙe amma sitiyari na karkace.

Maganin abin alama ce. Ku sassauta noti, juyi zuwa hagu, har gindin sitiyari ya bayyana. Ku tsoma tsinken ashana a farin fenti, ku ja layi ɗaya daga kan sanda ya hau jikin sitiyari. Layi ɗaya, a kan ƙarfe biyu. Kada ku yi da alli, hannu mai baƙin mai yana goge shi. Ku bari fentin ya bushe.

Wanda hannunsa ke rawa, ba komai. Ai haka ya yi ranar da kuka fara rubuta sunanku, yau ga shi kuna karanta wannan shafi. Ku goge, ku sake ja.

Ku faɗa da baki: alama tukuna, sannan cirewa.

Notin nan kada ku fidda shi gaba ɗaya, ku bar shi a bakin sanda. Sitiyarin da ya shekara talatin a wurinsa yana kamawa, in ya saki kuma da ƙarfi yake tasowa, notin ne zai tare muku haƙora da hanci. Ku riƙe shi hagu da dama, ku girgiza kuna jawowa. Ban da dukan kan sanda da guduma.

Kun ja layin? Ku duba. Na ga magidanci ya cire sitiyari yana murna, fenti na gefensa ko buɗewa bai yi ba. Haba malam! Sau nawa za a faɗa? Yini guda ya ɓata yana gwada haƙori bayan haƙori. Wanda bai sa alama ba kada ya wuce wannan shafi.

Darasi na 3: Murfi da wayoyi

Ku kwance sukurorin murfin da ke bayan sitiyari, ku zuba su a gwangwanin tumatir, kada yashi ya haɗiye su. Kowace waya da kuka zare, ku naɗa mata takarda, ku rubuta lamba: 1, 2, 3. Inda ta fito ma ku rubuta lambar. Wannan ma alama ce.

Darasi na 4: Haɗin ƙasa

Ku bi sanda har ƙasa inda ta haɗu da gaɓa. Kafin sufana ta taɓa wurin, fenti. Layi ɗaya, ƙarfe biyu, kamar na sama. Ƙusar da ta matse gaɓar, ku zare ta duka, sassautawa kawai ba ta isa ba. In akwai faifan roba a haɗin kuma ya tsattsage, a sake sabo.

Darasi na 5: Fiddawa

Mutum ɗaya ya tallafe sanda, ɗaya ya kwance notocin da suka riƙe ta a jikin mota. Ku jawo ta a hankali ta cikin mota. Kada a juya tayoyi har a gama gyara.

Aikin gida: ku rubuta kalmar ALAMA sau biyar a littafinku, ku zo da fenti ranar Asabar.