'Yar'uwa, in aka gayyace ki kallon bluegrass

In Allah ya sauke ki a jihar Kentaki ko Tenesi ko Karolina ta Arewa a Amurka, ba za ki jima ba wata maƙwabciya ko abokiyar aiki za ta ce ki zo mu je bikin bluegrass. Ki je abinki. Kiɗan tsirkiya ne zalla, gita da banjo da mandolin da goge da wani ƙaton goge da ake kaɗawa a tsaye, babu ganga. Banjo ɗin kuwa asalinsa Afirka ta Yamma ne, bayi suka kai shi, shi ya sa in kin ji shi sai gurmi ya faɗo miki a rai.

Ki tafi da kujerar naɗewa don yawanci a fili ake yi, kuma ki tambayi naman da aka gasa kafin ki ci, a yankin nan galibi alade ne. Waƙoƙin coci ma suna da yawa a ciki, kar abin ya ba ki mamaki.

To ga inda nake so ki kula, ke da maigidan duka. In kin ga mace ɗaya cikin maza huɗu a ƙungiyar makaɗa kar ki ce mata "ke ce matar wanne?" ko ki ɗauka amshi kawai take yi, wallahi abin na ci musu rai don shekara da shekaru haka ake musu. Tun sunan ƙungiyar Bill Monroe, uban kiɗan, Blue Grass Boys ne, wato samari, alhali an taɓa yin mace a ciki, Sally Ann Forrester, wadda ta kaɗa akodiyon, wani abin kiɗa mai zuga-zugi, daga 1943 zuwa 1946. Mata dai an daɗe ana tura su ga waƙa ko ga ƙaton gogen can baya. Sai 1991 mace ta fara cin kyautar gwanin banjo ta IBMA, ƙungiyar masu kiɗan bluegrass ta duniya, Alison Brown kenan, mandolin sai 2016 da Sierra Hull, gita kuwa sai 2017 da Molly Tuttle. Jiya-jiya fa!

Ki tambayi makaɗiyar da kika gani me take kaɗawa, shi ke nan hira ta buɗe, wata ma ita ce shugabar ƙungiyar mai biyan sauran.

Da yamma makaɗa sukan yi da'ira, kowa ya ɗan yi nasa salon in layi ya zo kansa. In 'yarki ta ce tana so ta koya, ki duba ko bikin na da ajin yara, da yawa suna yi, ki tambaya a teburin tikiti tun da safe.